Wane bakin teku ne ya dace da iyali a Legas, kuma yara za su iya shiga ruwan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Zariya ne. In Allah ya kai mu hutun ƙaramar salla ina so in kai iyalina Legas wurin ƙanina da ke Agege, mu yi mako guda. Yarana huɗu: babban shekararsa 12, sai mai 9, da mai 5, autar kuma ba ta cika 2 ba. Da maiɗakina za mu je, da mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu, ba kuma wanda ya iya ruwa. Yaran sun hana ni sakat sai an kai su bakin teku. Wanne ne ya dace da iyali, inda za a samu banɗaki da inuwa da wurin salla, ba wurin kiɗa da shaye-shaye ba? Kuma yaran za su iya shiga ruwan?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya ba Hajiya sauƙi. Tambayarka biyu ce, ta wuri da ta ruwa, kuma wadda ka sa a ƙarshe ita zan fara ɗauka, domin amsarta ce za ta zaɓa maka wurin. Banɗaki da inuwa da wurin salla, kuɗi da ɗan shiri suna samar da su. Halin ruwa kuwa ba a sayensa a bakin ƙofa.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, ban san ranar da na koyi iyo ba kamar yadda ban san ranar da na fara tafiya ba. Yau shekarata 20 a Legas ina koya wa yara iyo, kuma lokacin hutu nakan raka makarantun Islamiyya da iyalai zuwa bakin teku. Daga nan abin da zan gaya maka ya fito.

Teku ba kogi ba ne

Makon farko da na zo Ikko aka kai ni Bar Beach. Na tuɓe riga na shiga da gadarar ɗan kogi. Ruwa bai wuce ƙuguna ba wani raƙumin ruwa ya ɗaga ni ya maka da ƙasa, ya cuɗa ni kamar tsumma a hannun mai wanki, kafin in miƙe na biyun ya iso. Na fito ina tari, yashi cike da kunne da hanci. Wani yaro Basakkwace mai jan doki ya dube ni ya ce, "Malam, nan ba a yi masa haka." Gaskiyarsa.

Gaɓar Legas kudu take kallo, kuma dubban kilomita ne na ruwa tsura a gabanta, babu ƙasar da ta tare. Raƙuman ruwan da kake gani suna fashewa a ƙafarka iskar can nesa ce ta tayar da su, sun yi kwanaki suna tafiya. Shi ya sa za ka ga gari garau, babu hadari babu iska, amma teku yana haushi. Na biyu, gaɓar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, gangare ce. Taku biyu ruwa na idon sawu, taku na huɗu ya kai ƙirjin yaro. Sa'annan in ruwan zai koma yakan kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, ka ji kamar ana zare maka tabarma. Babban mutum ya yi tangal-tangal ya tsaya, ɗan shekara 5 kuwa zama zai yi, kuma a zaune raƙumi na gaba zai same shi.

Na ukun shi ya fi cin mutane. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa dole ya koma, to wani lokaci yakan tattaru ya sami siririyar hanya ya bi ta da gudu zuwa cikin teku, kamar kwata bayan ruwan sama. Bari in kira shi kwararo. Sau da yawa faɗinsa bai fi na titi ba, amma gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa guda, abin da ko gwanin iyo na duniya ba ya yi masa gaba da gaba. Mugun abin yana ga kamanninsa. Inda kwararo yake, nan ne raƙuma ba sa fashewa sosai, ruwan ya yi duhu ya kwanta, sai baƙo ya ce ga wurin lafiya, ya ja yaransa zuwa nan. Kuma ba wuri ɗaya yake zama ba, inda ka gan shi jiya ba lallai nan yake yau ba.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce: a duk bakin tekun da ke fuskantar babban ruwa kai tsaye, daga Badagiri har Ibeju-Lekki, yaranka ba za su yi wanka ba. Za su yi wasa a jiƙaƙƙen yashi inda kumfa ke zuwa ya mutu, ruwa ya taɓa idon sawu, hannun ƙananan cikin na babba. Wannan ma ya ishi yaron da bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Wuri ɗaya ne nake yarda yaro ya shiga zuwa gwiwa ko ƙugu, zan zo kansa.

Wuraren da za a ba ka labari amma babu su

Akwai yiwuwar wani dattijo da ya yi zaman Ikko ya ce maka, "Ku je Bar Beach kawai." Ka gaishe shi, amma Bar Beach ta zama tarihi. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu suka yi dogayen katangu a bakin mashigin jirage don kada yashi ya toshe hanyar shiga tashar jiragen ruwa. A wannan gaɓar yashi daga yamma yake tafiya zuwa gabas, to sai katangun suka tare shi. Gefen yamma ya yi ta tara yashi, gefen gabas, inda Bar Beach take, ya yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har teku ya riƙa hawowa kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Daga 2008 aka fara cike wurin da yashi ana gina sabon garin Eko Atlantic a bayan wata katangar duwatsu. Filin da iyaye suka sha iska, wanda kuma a shekarun 1970 ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a, yanzu benaye ne a kansa.

Na biyun sabo ne. Landmark da ke Oniru shi ne wurin da da na fara ambata maka in da tambayar ta zo shekarun baya, saboda tsari da tsabta. A ƙarshen watan Afrilun 2024 aka rushe ɓangarensa na bakin ruwa don aikin babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. Sashen farko na titin ya tashi ne daga titin Ahmadu Bello ya bi gaɓa zuwa wajen Eleko, wato ya ratsa bayan yawancin wuraren shaƙatawar Lekki, ya sauya hanyoyin shiga wasu, ya ci filin wasu. Don haka hoton bidiyon da yaranka suka gani a waya, a duba shekarar da aka ɗauke shi.

Tarkwa Bay

Katangun nan da suka cinye Bar Beach su ne suka haifi Tarkwa Bay. Wani ɗan lungu ne a yammacin mashigin jirage wanda duwatsun suka kare, raƙuman ruwa na isowa cikinsa a gajiye, gaɓar kuma tana gangarawa a hankali. Nan ne nake kai yaran da ba su iya ruwa ba, kuma nan kaɗai nake barin mai shekara 9 ko 12 ya shiga zuwa ƙugu, sanye da rigar ceto, ina tsaye tsakaninsa da zurfi. Mota ba ta zuwa wurin, sai da jirgin ruwa daga Marina ko Falomo, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20. Ga yaran Zariya hawa jirgin kansa rabin sallar ne. Sauran rabin kuma manyan jiragen dakon kaya ne masu shiga Apapa, suna wucewa kusa da kai kamar unguwa guda tana tafiya a kan ruwa. Na taɓa ganin yaro ya bar ruwa ya bar abinci ya zauna awa guda yana ƙirga kwantenoni.

Amma ga naka iyalin akwai abin dubawa. Shiga ƙaramin jirgi da fita daga cikinsa yana bukatar gwiwa, jirgin na rawa, matakalar na santsi. Ban so Hajiya ta sha wannan wahalar ba. Sa'annan rigar ceto dole ce ga kowane fasinja, dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar ce, amma samun wadda ta yi daidai da jikin 'yar ƙasa da shekara 2 ba kullum ba ne, kuma rigar babba a jikin jaririya ba ta da amfani, zamewa za ta yi ta ƙasa. In ba a sami tata ba kada a hau da ita, ko me mai jirgi zai ce. Banɗakunan wurin na talaka ne, ana biya a shiga. Rumfa da kujeru haya ake yi. Ba a kuma saurin isa asibiti daga can, sai an tsallako ruwa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, daga baya harkar baƙi ta dawo.

Abu biyu ka riƙe in kun je. Kada ku bi masu cewa a zaga baya zuwa Lighthouse Beach da yara don wanka, can babban teku ne da duk halinsa. Kuma ku kama hanyar dawowa da la'asar sakaliya, kada magariba ta riske ku a kan ruwa.

Lekki da Badagiri

Yawancin wuraren Lekki masu zaman kansu ne, na iyalan sarauta ko na 'yan kasuwa, ana biya a ƙofa. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Elegushi a Ikate, kuma shi direba zai fara ambata maka saboda kusa ne. Wurin matasa ne, jere da mashaya da manyan lasifika, da yamma kuwa ba ka jin maganar na kusa da kai. Ba abin da ka tambaya ba ne. A taƙaice, iya nisan da ka yi gabas iya raguwar hayaniya. Atican da ke Okun Ajah ya fi natsuwa, iyalai na zuwa. Gaba da shi akwai Eleko, inda ake hayar bukkokin ciyawa, iyali su kama guda su yini a ciki, kuma wannan tsarin ya fi dacewa da mu: Hajiya ta sami inda za ta miƙe ƙafa a tabarma, maiɗakinka ta sami sutura ta shayar da auta.

In aljihu ya yarda, akwai La Campagne Tropicana a Ikegun, can ƙuryar Ibeju-Lekki. Wuri ne killatacce da ke da teku a gefe guda da ruwa mai kwanciya a ɗaya gefen, da wurin ninkaya ginanne, ana karɓar baƙin yini guda. Amfanin irin wannan wurin ga iyalinka shi ne yara su ga teku da ido, su yi wankansu a ginannen wurin da ake ganin ƙasansa. Tsadarsa da nisansa su ne matsalar. Hanyar ita ce ta matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, tankoki da tireloli ba sa yankewa. Daga Agege tafiya ce ta awoyi, da 'yar shekara 2 a cinya.

Badagiri kuma a yamma take, wajen iyakar Seme. Akwai Suntan Beach mai itatuwan kwakwa da bukkoki, jama'a ba su kai na Lekki yawa ba in ba ranar biki ba. Akwai kuma Whispering Palms a Iworo, wanda ba a bakin babban teku yake ba, a bakin ruwan da ke kwance ne ta bayansa, saboda haka hankalin uwa ya fi kwanciya. Abin da Badagiri ta fi sauran shi ne babban ɗanka zai dawo da abin faɗa a makaranta: benen da aka gina a 1845 wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da ɗakunan da aka tsare bayi a gidan Seriki Abass, da sarƙoƙin da aka ɗaure su da su. Hanyar akwai shingayen jami'an tsaro da yawa saboda kusancin iyaka, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa. Ruwan tekun can kuwa duk kanwar ja ce da na Lekki, ba a shiga.

In ni ne kai, fita biyu zan yi. Rana guda kowa da kowa, har Hajiya, a tafi wurin da mota ke kaiwa har kusa da bukka, Atican ko Eleko, a ga teku a ci abinci a dawo. Wata ranar kai da ƙaninka ku ɗauki manyan yaran biyu zuwa Tarkwa Bay su jiƙa jiki. Mai shekara 5 zai yi kuka, in za a tafi da shi to a ƙara babba guda wanda ba shi da aikin komai sai shi.

Abin da za a duba kafin a biya

Kuɗin shiga ba shi ne kuɗin ba. Bayan na ƙofa akwai na ajiye mota, da na rumfa ko bukka, wani wurin har kujera da tebur, kuma da yawansu suna karɓar kuɗi a kan kular abincin da ka shigo da ita, wasu ma ba sa barin a shiga da abinci sam. Ban rubuta maka farashi ba da gangan, domin na ranar Talata daban, na ranar salla daban, kuma abin da na biya watan jiya ba hujja ba ne gobe. Ƙaninka ya buga waya ko ya leƙa kwana ɗaya kafin ranar, ya tambayi jimillar abin da mutum bakwai da mota da kula biyu za su biya. A bakin ƙofa a karɓi tikiti. A rumfa kuma a gama ciniki kafin a ajiye kaya, a san wa ake ba kuɗin. Na taɓa biyan kuɗin bukka sau biyu a wani wuri saboda wanda na fara ba ya ɓace, wani ya zo ya ce shi ne mai ita, ga yara 20 a bayana cikin rana.

Banɗaki, gani ya kori ji. Kowane wuri zai ce maka akwai. Maiɗakinka ta je ta gani da idonta kafin ku zaɓi rumfa: na mata daban yake, akwai ruwa, ƙofar na rufuwa, kuma nisansa nawa daga inda za ku zauna? Tafiyar mita 200 a cikin yashi mai zurfi ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon gwiwa, gara rumfar da ke kusa da bayi da mota ko da ba ita ce ta gaban ruwa ba. Ku zo da butarku biyu, da jarkar ruwan daɗi don ɗauraye yara, domin gishiri da yashi in suka bushe a matsematsin ƙaramin yaro sai kuka har gida. A ɗauko wa Hajiya kujerar roba, tashi daga ƙasa a kan yashi yana da wuya.

Sai mai ceto. Tambayar ba "akwai?" ba ce, ka ce a nuna maka shi. Mai ceto na gaskiya yana zaune a wuri mai tudu, fuskarsa na kan ruwa, da usur a wuya da abin jefawa a kusa. Wanda ke kai wa mutane lemo yana sanye da riga mai rubutu ba shi ba ne. In ka same shi ka gaishe shi, ka ce masa baƙi ne ku ba ku iya ruwa ba, ya nuna muku inda za ku tsaya. In ya ce yau ba a kusantar ruwa, ko ka ga jar tuta, maganarsa ta shafe duk abin da na rubuta a nan, domin shi yake kallon tekun ranar, ni daga nesa nake magana.

Wurin salla ginanne ba kasafai ake samu ba, amma ba za ka rasa 'yan'uwa ba. Masu tsire da masu jan dawaki da masu sayar da agogo da tabarau a bakin tekun Legas da yawansu 'yan Arewa ne. Yi wa ɗaya sallama ka tambaye shi inda suke salla, zai kai ka, kuma shi zai gaya maka gaskiyar farashin komai a wurin. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, sai dai a ɗebo a buta a koma tudu, kada a tsuguna a bakin ruwa. Alƙibla a buɗaɗɗiyar gaɓa ba ta da wuyar ganewa: ka sa teku a hannun damanka, kana kallon gabas ke nan, sai ka ɗan karkata hagu wajen tudu. A Tarkwa Bay gaɓar ta lanƙwasa, can sai a duba waya ko a tambaya.

Rana da lokaci

Kada ku je ranar salla, ko washegari, ko ta uku. Dalili na farko cunkoso ne, rabin Legas na can, farashi ya ninka, masu ceto biyu ba za su iya da dubban mutane ba. Dalili na biyu mutane ba su cika saninsa ba, kuma lissafin watanmu ne ke nuna shi. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma cikar tana fin ƙarfi a lokaci biyu: tsayuwar sabon wata da daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyu bayansu. Ƙaramar salla 1 ga Shawwal ce, wato daidai lokacin da ruwa ke hawa can sama da inda ya saba, ya ci rumfunan gaba. Wajen 7 ko 8 ga wata, lokacin da wata ya yi rabi, cikar na yin sauƙi. Tunda mako guda za ku yi, ku ajiye fitar zuwa ƙarshensa, ranar aiki, lokacin da jama'a sun koma ofis. Ka kuma yi sa'a yanzu sallar na faɗowa kafin damina ta kankama, don daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi hauka.

Ku bar Agege da an idar da asuba. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, da sassafe minti kaɗan ce, in rana ta ɗaga kuma sai ta zama wurin yini. Da safe yashi bai yi zafi ba, masu kiɗa ba su tashi ba, wurin naku ne. In an yi azahar an ci abinci ku fara naɗe tabarma, lokacin da masu shagali ke shigowa ku kuna fita. Kada ka ce mu 'yan Arewa mun san rana. Iskar teku na ɓoye ƙishi, yaro ya yini yana gudu bai nemi ruwa ba sai ciwon kai da yamma. A riƙa ba su ruwa ko ba su tambaya ba, kowa da takalminsa saboda zafin yashi da fasassun kwalabe.

A bakin ruwan

Akwai abin da ya shafi matanmu musamman wanda ba za ka ji shi a bakin masu tallar wuraren ba. Dogon hijabi da zane in suka jiƙe nauyinsu na ninkuwa, su nannaɗe ƙafa, ruwa mai komawa ya kama su kamar tanti. Maiɗakinka da 'yan matan su sa wando a ciki, hijabin da za a kusanci ruwa da shi kada ya wuce gwiwa. Kuma kada a je bakin ruwa da goyo. Wata shekara ina tare da wani iyali, uwar ta tsaya da goyonta ta juya wa teku baya mijin na ɗaukarta hoto, ruwa ko idon sawunta bai rufe ba. Raƙumi guda ya zo wanda ya fi sauran, ya doke ta a bayan gwiwa, ta faɗi rigingine a kan jaririn. Mun ɗaga ta cikin daƙiƙoƙi, yaron ya sha ruwa ya yi amai, Allah ya kiyaye. Tun ranar ba na barin kowa ya ba teku baya, hoto kuwa a hau busasshen yashi a ɗauka.

Nutsewar yaro ba ta da ihu. Ba ya ɗaga hannu yana kira, bakinsa na neman iska ne, cikin ƙasa da minti guda an daina ganinsa. Shi ya sa "muna dai kallonsu" ba tsaro ba ne, in kowa na kallo to ba mai kallo. A ɗora wa mutum guda, a kira sunansa, wayarsa a aljihu, bayan minti 20 ya miƙa wa wani da baki: "Na ba ka su." Babban ɗanka ba mai gadi ba ne, shi ma yaro ne, kuma 'yan shekara 12 su suka fi ba ni wahala don suna son gwada jarumta. Kada a saya musu tayar roba mai hurawa da ake talla, iska da ruwa na ɗaukarta su yi ciki da yaron. A sa musu riguna masu kalar da ake hangowa, a rubuta lambar wayarka a takarda a sa a aljihun kowanne, domin ɓatan yaro cikin taro ya fi nutsewa yawan faruwa. Doki kuma a yi ciniki kafin a hau, ka bi su a ƙafa, kuma a busasshen yashi.

In, Allah ya kiyaye, ruwa ya ja wani, kai da ba ka iya ruwa ba kada ka faɗa. Na san zuciyar uba ba ta jin wannan, amma sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a maimakon ɗaya. Ka yi ihu, ka nuna wurin da hannu kada ka ɗauke ido, wani ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta ko murfin kula, wani ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas. Ka koya wa manyan yaran tun a gida cewa wanda ruwa ya ja ba ya kokawa da shi, yana kwantawa rigingine ne ya ɗaga hannu guda, kwararo ba ya jan mutum ƙasa, ciki yake kai shi sa'annan ya sake shi. Duk yaron da ya shaƙi ruwa, ko ya tashi yana wasa, in yana tari ko numfashinsa ya sauya ko barci na fizgarsa, a kai shi asibiti a ranar. Ni malamin iyo ne, daga nan aikin likita ne.

Kusan duk iyalin da na raka daga Arewa sai tsohuwar cikinsu ta ce a ɗebo mata ruwan teku a gora ta kai gida, kuma ina jin Hajiya ma za ta ce. Kai ko ƙaninka ku ɗebo, daga inda kumfa ke mutuwa, fuska na kallon ruwa, ba a aiki yaro ba. A nuna wa 'yan Zariya su ɗanɗana a yatsa su yarda da gishirinsa, amma ba na sha ba ne: kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, mai hawan jini ya yi nesa da shi, kuma na kusa da tashar jirage ba shi da tsabta. A ɗaure bakin gorar da leda kafin a sa a but, in ya zube a kan ƙarfen mota tsatsa yake kawowa.